Ranar da Kaka Ya Rufe wa Barewar Nasara Ido

Ranar wata Asabar ce a watan Maris, shekarar da nake ajin ƙarshe na firamare, na tura ƙofar ɗakin da Kaka yake kwana don in ɗauko safata, sai na tarar da shi tsaye gaban taga, ya naɗe hannun rigarsa na hagu har kafaɗa, yana ɗaura wuƙa a damtsensa. Kuben jar fata ne da ya yi baƙi don tsufa, igiyar kuwa ya kama bakinta ɗaya da haƙori yana ja. Wuƙar nan na san ta, na kuma san inda ya kamata ta kasance, wato can saman armuwa, kabad ɗin tufafin Mama, bayan bargunan sanyi, inda Papa ya ɓoye ta tun ranar da ta fito daga akwatin Kaka a naɗe tare da kilishi. Ya juyo ya dube ni, ko gezau bai yi ba. Ya sauke hannun riga, ya zuba babbar riga, ya ɗora manton Papa, wato kwat ɗinsa na sanyi, a kai. "Uwargida," in ji shi, don haka yake kirana cikin wasan kaka da jika, "maharbi ba ya shiga taron maharba tsirara." Na ɗauki safata na fita.

A lokacin muna zaune a Saint-Fons, kudu da Lyon, a hawa na shida na wani dogon bene da ke fuskantar bututun hayaƙin masana'antu. In iska ta juyo ta wajenmu sai Mama ta kwashe shanya daga baranda, ta ce kar tufafi su ɗauki warin aikin Papa. Aikina a gidan shi ne sauko da shara, sayo burodi, da wanke kwanonin dare, ƙanena Sani kuwa aikinsa ci da ɓarna. Kaka Illa, mahaifin Papa, ya zo daga wani ƙauye na Damargu don a cire masa yanar ido, aka yi aikin lafiya, ya koma yana hango tantabara a kan rufin da ni ban ma ga rufin da kyau ba. Baushe ne tun yana saurayi, ubansa ma baushe ne, kuma duk da namun dajinsu sun ƙare tun kafin a haife ni, bai taɓa yarda a ce masa tsohon maharbi ba. Ya ƙi shiga asansar, akwatin nan mai hawa da mutane bene, ya ce shi ba gero ba ne da za a zuba shi a rumbu a rufe, don haka kullum matakala muke bi ni da shi, yana gaba ina haki a baya. Da marufan kwalba ya koya mini dara a kan kwalin madara. A filin ajiye motoci ya koya wa yaran benenmu langa, Larabawa da ƴan Kamaru da wata ƴar Portugal, duk suna tsalle da ƙafa ɗaya suna faɗuwa, shi yana zaune a kan dakali yana yi musu tsiya da Hausa. In an yi ruwa sai ya tsayar da ni a bakin taɓo ya nuna mini sawu: wannan kyanwa ce, kuma tana da ciki, wannan kare ne mai ɗingishi. A farfajiyar lakwal, wato makarantarmu, nakan ba ƙawayena labarinsa har da ƙari, na ce ya taɓa kama kura da hannu.

To amma gidan namu a shekarar nan ba lafiya yake ba. Takardar zaman Papa ta ƙare, ya kai buƙatar sabuwa, aka ba shi wata ƴar takardar wucin gadi aka ce ya jira, jiran kuwa ya ƙi ƙarewa. Papa ya zo Faransa ne karatun sinadarai daga Damagaram, ya samu aiki a ɗaya daga masana'antun nan, irin wurin da ba a shiga sai da katin da hukuma ta bincika ta yarda da mai shi. Ya sha gaya wa Mama a kicin, yana zaton ba ma ji, cewa ko sau ɗaya sunansa ya shiga littafin ƴan sanda, katin ya tafi, aiki ya tafi, takardar zama ta bi su. Shekarar ce kuma da sojoji ke yawo da bindigogi a tashoshin jirgi, ana buɗe jakar kowa a ƙofar manyan kantuna. Papa ya rage gemunsa. Ko titi ba ya tsallakawa sai fitila ta ba shi hannu, ko da babu mota ko ɗaya. Maganarsa kullum ita ce, "Baƙo ba ya rawa da ƙafa biyu." Shi ya sa da ya ga wuƙar nan cikin kilishi ya yi salati, ya durƙusa ya roƙi ubansa ya bar ta a gida har ranar komawa, Kaka ya gyaɗa kai kawai.

Wani abokin aikin Papa, Bature mai zuwa farauta, shi ya ba shi tikitin baje kolin maharban barewa da ake yi a wani babban zaure bayan gari, don ya ji cewa mahaifinsa maharbi ne. Mama ta ce a bar zancen, me ya kai baƙar fata wurin da ake baje bindigogi a irin wannan zamani? Papa ma ransa bai so ba, amma Kaka ya riga ya ga hoton da ke jikin tikitin, wata dabba mai ƙaho kamar rassan gawo, ya kwana yana juya takardar yana tambaya ko da gaske akwai mai irin wannan kai a duniya. Wata uku yana zaune a bene kamar tsuntsu a keji, saura ƴan kwanaki ya koma, wa zai hana shi? Aka bar Sani da Mama, aka tafi da ni don ni ce tafinta. A cikin bis na zauna kusa da hannun hagun Kaka, duk lokacin da direba ya taka birki sai in ji taurin kuben a kafaɗata. Ban gaya wa Papa ba, kuma har yau ban ga wanda zai ce mini na yi laifi ba, don ban san jikar da ke tona kakanta ba. A ƙofa masu gadi suka buɗe jakar Papa, suka sa aka buɗe manto, suka leƙa, suka dubi tsoho mai rawani da furfura suka ce mu wuce.

Ciki kuwa wata duniya ce. Warin fata da man bindiga da jiƙaƙƙen kare ya cika wurin, ga wasu mutane da jajayen riguna suna busa wasu ƙahonin tagulla masu lanƙwasa har kunne na ƙaiƙayi. Duk inda na duba babu mai kalarmu, sai wani mai shara can nesa. Bindigogi jere a kan katako, kowace an ɗaure ta da sarƙa, maza suna ɗauka suna saitawa sama suna rufe ido ɗaya. Papa ya sa hannuwansa biyu a aljihu, ya ce mini kar in taɓa ko da tsinke. Kaka kuwa sai ka ce an kai yaro kasuwar sallah. Ya shafa takalman daji masu kauri ya ce da ya samu irinsu da ƙaya ba ta ci ƙafarsa ba. Ya tsaya kan karnuka masu dogayen kunnuwa, ya buɗe bakin ɗaya ya duba haƙora, mai karen ya saki baki yana kallo. Da na fassara masa cewa madubin da ke kan bindiga yana jawo dabba kusa ko tana bayan gari, sai ya taɓe baki ya ce wannan ai ba farauta ba ce, aike ne. Ya ga riguna masu ruwan ganye da ake sawa don ɓuya, a gefensu kuma wasu masu ruwan lemo da ke ƙyalli, na ce masa waɗannan don kar su harbi juna ne, ya yi dariya har da tari. Wani ya busa wani bututu da ke kukan namijin barewa, Kaka ya tsaya cak, ya karkata kai, ya ce wannan kukan mai neman mace ne, kuma mai busawar ya tabbatar. Papa ya janye mu daga rumfar da ake yanka naman aladen daji ana ba mutane ɗanɗano. Da muka iso rumfar wuƙaƙe, ɗaruruwa a ƙarƙashin gilashi, na riƙe hannun dama na Kaka gam don kar ya ce zai gwada tasa da tasu. Ya dube su sama-sama ya ce ƙarfen yana da kyau, amma ba su taɓa aiki ba.

Can ƙarshen zauren aka yi bangon kawuna. An ja jar igiya a gabansa, an haska fitilu, kawunan barewar ƙasar nan jere daga ƙasa har sama, kowane da ɗan allo a ƙarƙashinsa, wasu da lambar yabo a rataye. A tsakiya, ƙasa-ƙasa daidai tsayin mutum, aka kafa wanda ya fi su duka, da wuyansa da gashinsa da komai, ƙahonsa ya baje har na gaji da ƙirga rassan. Idanunsa na gilashi ne, a buɗe tar. Kaka ya ƙura masa ido, sannan ya ce a hankali, "Wannan sarki ne." Ya tambaye ni ko an rufe musu ido kafin a yi musu haka, na ce ban sani ba. A gidansu, kamar yadda ya sha gaya mini, in ka kada babbar dabba ba ka barin ta tana kallon duniya. Kana rufe mata ido, ka yi mata kirari, ka nemi ta yafe, don ranta ka ɗauka ka ciyar da naka. Wanda ya bar idon a buɗe alhaki na bin sa har gida. Muna nan tsaye sai ga wasu samari da kofunan giya, ɗaya ya miƙa hannu ta saman igiya ya rataya hularsa a reshen ƙahon, ya manna kumatunsa da hancin dabbar ya zaro harshe, sauran suna ɗaukar hoto suna shewa. Daidai lokacin Papa ya juya yana gaisawa da abokin aikinsa da ya hango mu.

Kafin in ankara Kaka ya ɗaga ƙafa ya tsallake igiyar. Ya cire hular saurayin ya miƙa masa, ya warware rawaninsa, ya ɗaga murya da kirarin da ban taɓa jin ya yi da ƙarfi haka ba, irin muryar da ake yi a fili ba a ɗaki ba. Mutane suka juyo. Ya ɗaga hannuwa biyu don ya yafa wa dabbar rawanin a fuska, manto ya zame, hannun babbar riga ya zube har kafaɗa, sai ga kube da ƙotar wuƙa a fili ƙarƙashin fitila. Na ji wata mata ta ce "couteau", wato wuƙa, kalmar ta bi bakin mutane, fili ya buɗe kewaye da mu kamar an share. Masu gadi uku suka iso a guje. Ɗaya ya cafki damtsen Kaka, shi kuwa Kaka, da yake ba a taɓa kama masa makami ba tun da aka haife shi, ya ɗora hannun dama a kan ƙotar ya danne. Wallahi na zaci ƙarshenmu ke nan. Na ga mai gadi na biyu ya kai hannu ƙugunsa, na ji muryar Papa tana karyewa yana cewa, "Baba, don girman Allah sake ta." Kaka ya dubi ɗansa, ya buɗe yatsunsa ɗaya bayan ɗaya.

Aka kai mu wani ɗan ɗaki a baya, mai tebur ɗaya da kujerun roba. Shugaban masu gadin, wani ƙato mai sanƙo, ya ajiye wuƙar a kan tebur ya zare ta, bakinta na ƙyalli don Kaka kullum yana wasa ta. Ya ce a ba shi takardu. Papa ya miƙa fasfon Kaka, ya miƙa ƴar takardarsa ta wucin gadi. Mutumin ya karanta, ya tambayi inda Papa ke aiki, da ya ji sunan wurin sai ya ɗaga gira, ya jawo waya ya riƙe, ya ce dole ya kira ƴan sanda, mutum ya shigo da ɓoyayyen makami yana ihu da wani yare a tsakiyar jama'a. Abokin aikin Papa kuwa tun a zaure ya sulale. Papa ya yi bayanin al'ada, ya yi bayanin farauta, ya yi rantsuwa, mutumin yana ta danna lamba. Sai na ga Papa ya rage murya ya ce, "Il n'a plus sa tête, monsieur," wai tsohon ba shi da hankali, ya ɗaga yatsa ya ƙwanƙwasa gefen kansa. Kaka ba ya jin Faransanci ko na sayen burodi, amma yatsa ba ya buƙatar tafinta, kuma idanun nan an wanke su tas. Na ga ya gani. Fuskarsa ta yi wani iri, kansa babu rawani sai ƴar hula.

Sai ya fashe da dariya, wata irin dariya mai sanyi da ban san shi da ita ba. Ya sulale daga kujera ya zauna daɓas a ƙasa, ya tuɓe takalmi ɗaya ya ɗora a ka. Ya jawo kujerar roba yana shafa ta kamar jaki yana kiranta jakata, yana tambayarta ko ta sha ruwa. Ya saki leɓe, yawu ya gangaro cikin farin gemun nan da yake tajewa kowace safiya. Ni na yarda, na ɗauka tsoro ya juya masa kai, na fashe da kuka ina jijjiga shi ina kiran Kaka, Kaka, bai ko dube ni ba. Ƙaton nan ya tsaya da waya a kunne yana kallo, fuskarsa ta sauya daga fushi zuwa wani abu tsakanin tausayi da ƙyama. Ya ajiye wayar. Ya jefa wuƙar cikin aljihun tebur ya ce wannan ta zauna, ya tura wa Papa takardunsa, ya ce irin waɗannan tsofaffi a gida ake tsare su, ba a kawo su cikin mutane. Wani ya kawo rawanin a dunƙule. Ta ƙofar baya aka fitar da mu, wajen kwandunan shara, Kaka yana jan ƙafa yana surutai. Bai daina ba sai da muka sha kwana zauren ya ɓace. Nan ya tsaya, ya sa takalminsa, ya goge gemu da bakin riga, ya naɗa rawaninsa tsaf ba tare da madubi ba, ya tambaye ni wace bis ce tamu.

Kwanakin da suka rage gidan ya zama kamar gidan makoki. Papa yana fita aiki da sassafe, in ya dawo ya gaida ubansa daga bakin ƙofa, kansa a ƙasa, Kaka ya amsa da lafiya lau, shi ke nan. Tuwo ma Papa ba ya iya ci, duk ƙarar ƙararrawar ƙofa sai ya zabura, don ba mu san ko mutumin ya rubuta sunansa ba. Kaka bai ƙara sauka wajen yara ba. Ranar tafiya muka hau jirgin ƙasa zuwa Paris mu uku, za mu kwana wajen Gwaggo, ƴar'uwar Papa, a Stains, mu biya kasuwar Château Rouge a saya wa mutanen gida atamfa da turare, washegari jirginsa ya tashi. Muna tsakiyar hanya, gonaki kore shar suna wucewa, Papa ya sauka daga kujerarsa ya durƙusa a tsakanin kujeru, Turawa na kallo, ya kama ƙafar ubansa ya ce ya yafe masa. Kaka ya bar shi ya ɗan jima a haka, sannan ya ce:

"Tashi, Mamman. Na sha ɗaura kan burtu a goshi in yi rarrafe cikin ƙaya, ina kwaikwayon tsuntsu don barewa guda. Don ɗana ne ba zan yi hauka ba?"

Papa ya fara kuka mara sauti. Kaka ya juya wajen taga, ya ƙara da cewa:

"Amma da ido kawai ka ƙyafta mini, da na yi. Ba sai ka nuna ba."

Takardar ta fito bayan damina ta faɗi a gida, ta shekara goma. Papa ya kira ƙauye, aka kai wa Kaka waya, na ji muryarsa ƙasa-ƙasa yana cewa alhamdu lillahi, ashe farautar ta yi nama. Bai sake zuwa Faransa ba, ko da likita ya nemi a dawo da shi a duba idon, kuma kafin Papa ya shirya zuwa gida da mu ya riga mu gidan gaskiya.

Yanzu a Paris nake aiki, ina da takardun da babu mai jujjuya su, Papa ya yi ritaya a benen nan dai na Saint-Fons, ya bar gemunsa ya yi tsawo. Yaran da ke filin motoci ba su san langa ba, kowa ya duƙufa kan wayarsa. Duk shekara in sanyi ya fara ja da baya sai in ga an manna hoton dabbar nan mai rassa a bangon metro, mutane na wucewa babu mai ɗaga kai, ni kuwa in tsaya har jirgi ya tafi ya bar ni. Ƴaƴan Sani sukan tambayi Papa wane irin mutum ne kakan babansu na Damargu, sai ya ce musu baushe ne, mai hankali ne ƙwarai, ya maimaita mai hankalin, sannan ya tashi ya fita baranda. Mun samu zama a ƙasar nan, amma na san wanda ya zauna a ƙasa kafin mu samu.